Hasken rana cikin hazon hunturu: yadda ake warware lissafin tafiyarsa mataki-mataki

A Disamban bara kawuna ya kira ni daga lambunsa na Jiratawa, kusa da Maraɗi, muryarsa ba daɗi. Famfon da ke ɗebo masa ruwa da hasken rana ya yi sanyi, albasa da zogale sun fara laushi. Da na isa, sai ya nuna mini sama da sandarsa ya ce, "Ɗana, kai da ka yi boko, gaya mini, ranar nan ta mutu ne?" Tsakar rana ce, amma sama fari fat, ranar kuwa kamar faifan da aka rataya bayan labule. Inuwarmu a ƙasa da ƙyar ake ganin gefenta. Wani mai sayar da kayan sola ya riga ya faɗa masa cewa hazo ya cinye kashi biyu cikin uku na hasken, don haka sai ya ƙaro faifai.

Maganar mutumin tana da tushe, amma rabin lissafi ya yi. Hazo yana karkatar da haske fiye da yadda yake cinye shi, kuma hasken da aka karkatar yawancinsa ƙasa yake saukowa ta wata hanyar. Wannan jagora na rubuta ta ne don ɗalibin kimiyya, ko a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo yake ko a ajin ƙarshe na sakandare, wanda yake son ya zauna da biro da takarda, daga baya da kwamfuta, ya fitar da adadin da kansa.

Kafin lissafi, yi wannan gwaji da daddare. Cika kofin gilashi da ruwa, ɗiga madara ɗigo biyu, ka haska fitilar waya ta gefe. Za ka ga hanyar hasken a cikin ruwan, ka kuma ga fitilar ta ɗaya gefen, ta ɗan yi ja. Ƙara madara cokali guda. Fitilar ta ɓace, amma kofin gaba ɗaya ya ɗauki haske kamar ƙwai. Hasken bai tafi ko'ina ba, hanyarsa ce ta watse. Abin da ke faruwa a saman Maraɗi ke nan idan iskar arewa maso gabas ta kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, inda take matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi kafin ta yo yamma.

Abin da lissafin yake faɗa

Ɗauki sararin sama kamar tabarmi da aka shimfiɗa kan juna, kowace shimfiɗa iri ɗaya ce daga gabas zuwa yamma, canji sai daga sama zuwa ƙasa. Ba da mita za mu auna zurfi ba. Za mu auna shi da τ, wato kaurin hazo a wurin haske: sifili a can sama, yana ƙaruwa har ƙasa. Fuskar da haske ya nufa kuma μ ce, kosain ɗin kusurwar da ke tsakaninsa da layin da ya sauko tsaye. I shi ne ƙarfin hasken da ya watsu yana tafiya ta fuska guda. Ω alamar fuska ce, P kuma yadda ƙura ke rarraba hasken da ta watsa tsakanin fuskoki; ω da μ₀ za su zo a mataki na farko. To:

μ · dI/dτ = −I + J

J = (ω/4π) ∫ P(Ω′,Ω) I(Ω′) dΩ′ + (ω/4π) P(Ω₀,Ω) S exp(−τ/μ₀)

Ka tuna da layi guda a babbar kasuwa ranar cinta. Mutanen da ke bin layin suna raguwa saboda wasu sun zauna a rumfa, wasu sun karya kwana: wannan shi ne −I. Suna kuma ƙaruwa saboda waɗanda suka karyo daga sauran layuka: wannan shi ne kashin farko na J. Kashi na biyu su ne sababbin shigowa daga babbar ƙofa, wato rana, wadda ƙarfinta S ne. Wahalar duka a nan take: ba za ka san yawan mutanen layinka ba sai ka san na kowane layi, su ma ba za a san nasu ba sai an san naka. I yana hagu, yana kuma cikin alamar tarawa (∫) a dama. Arthur Schuster ya fuskanci wannan a 1905 lokacin da yake nazarin haske cikin hazo, Subrahmanyan Chandrasekhar kuma ya shimfiɗa hanyoyin warware shi a littafinsa na 1950. Duk dabarun da ke ƙasa hanyoyi ne na kwance wannan ƙulli.

Mataki na farko: tara lambobinka

Biyar kake bukata, kuma a nan ne aka fi yin kuskure, ba a cikin lissafin ba.

μ₀, tsayin rana. Maraɗi tana kan digiri kusan 13.5 arewa da tsakiyar duniya. Wajen 21 ga Disamba rana tana digiri 23.4 kudu. Tara su, da tsakar rana ta karkace digiri 36.9 daga tsakar ka, kosain ɗinsa 0.80. Shi za mu riƙe.

τ, kaurin hazon. Cibiyar AERONET ta hukumar NASA tana da na'urar auna hasken rana a Banizumbu, gabas da Yamai, tun shekarun 1990, kuma bayananta kyauta ne a intanet. Tauraron Terra da aka harba a 1999 da Aqua na 2002 suna ɗauke da na'urar MODIS da ke ba da taswirar τ kullum. Sai dai Banizumbu ba Maraɗi ba ce, hazo na iya rufe mu su kuma samansu tas. Zan dawo kan yadda za ka auna naka. A misalinmu mu ɗauki τ = 1 a koren haske, mai tsawon zango nanomita 550. Wannan rana ce mai hazo sosai, irin wadda masu babur ke ɗaure hanci da rawani.

ω, rabon tsira. Duk lokacin da haske ya ci karo da ƙwayar ƙura, ko dai ya watsu ko ƙurar ta shanye shi ya zama zafi. ω shi ne rabon wanda ya watsu. Ƙurar hamada ba ta shan haske da yawa a kore da ja, ta fi sha a shuɗi saboda tsatsar ƙarfen da ke cikinta, abin da ke ba ta launin ƙasa-ƙasa. Idan hayaƙin ƙonar daji ya gauraya da ita, kamar yadda yakan faru a Janairu, ω yana sauka. Mu ɗauki 0.95.

g, son gaba. Idan g sifili ne, haske yana watsuwa gaba da baya daidai wa daida, kamar yadda iska tsantsa ke yi. Idan ya kusa 1, kusan duka gaba yake ci da tafiya. Ƙwayoyin ƙura sun fi tsawon zangon haske girma, don haka gaba suke turawa; 0.7 adadi ne mai kyau. Wannan girman nasu ne kuma ya sa saman hunturu fari ne: ƙananan ƙwayoyin iska sun fi watsa shuɗi ƙwarai a kan sauran launuka, kamar yadda Rayleigh ya nuna a 1871, manya kuwa kusan ba sa bambanta launi. Ga cikakken P, yawancinmu muna amfani da siffar da Henyey da Greenstein suka kawo a 1941, wadda g kaɗai take bukata, θ kuwa kusurwar karkatar haske ce:

P(θ) = (1 − g²) / (1 + g² − 2g cos θ)^1.5

Ba ita ce ainihin siffar ƙura ba. Lissafin Gustav Mie na 1908 ya fi ta kusa, shi ma ƙwayoyi masu zagaye ya ɗauka alhali ƙura tana da kusurwoyi. Amma idan jimillar hasken da ke sauka kake nema, ta wadatar.

Ta biyar ita ce a, rabon hasken da ƙasa ke mayarwa sama. Jigawar rani mai farin yashi tana mayar da da yawa, koren lambu kaɗan. Mu sa 0.3 daga baya. Da farko mu ɗauki ƙasa baƙa ƙirin, a = 0.

Mataki na biyu: ware hasken da ya zo kai tsaye

Wannan shi ne mai sauƙi, dokar da Bouguer ya gano a 1729, Lambert ya sake tsarawa a 1760:

T kai tsaye = exp(−τ/μ₀) = exp(−1.25) = 0.287

Kashi 29 cikin ɗari kaɗai ke isowa ba tare da sun taɓa ko ƙwaya ɗaya ba. Shi ne hasken da ke yin inuwa, shi ya sa inuwarmu ta dusashe a lambun kawu. A nan mai sayar da faifan ya tsaya. Sauran kashi 71 fa, ina suka tafi?

Mataki na uku: lissafin magudana biyu

Maimakon mu bi kowace fuska, mu tattara duk hasken da ke hawa mu kira shi F↑, duk wanda ke sauka F↓. Layukan kasuwa dubu sun koma biyu, su ne magudana biyu. Amma akwai gyaran da ya wajaba kafin nan. Wani kaso na hasken da ƙura ta watsa, karkatarsa kaɗan ce ƙwarai, har ya zama kamar bai watsu ba. Shi ne farin kewayen nan mai kashe ido da ke zagaye da rana. Magudana biyu ba za su iya ɗaukar wannan tsinin ba. Dabarar da Joseph, Wiscombe da Weinman suka wallafa a 1976 ita ce a cire shi a mayar da shi cikin hasken kai tsaye. Ka kira wannan kason f, ka ɗauki f = g² = 0.49, sannan:

τ′ = (1 − ωf) τ = 0.5345
ω′ = (1 − f) ω / (1 − ωf) = 0.9065
g′ = g / (1 + g) = 0.412

Daga yanzu da waɗannan sababbin za ka yi aiki. Lissafin biyu su ne:

dF↑/dτ = γ₁F↑ − γ₂F↓ − γ₃ ω S exp(−τ/μ₀)
dF↓/dτ = γ₂F↑ − γ₁F↓ + γ₄ ω S exp(−τ/μ₀)

A tsarin Eddington, ɗaya daga hanyoyin kimanta waɗannan ma'aunan γ, γ₁ = [7 − ω(4 + 3g)]/4, γ₂ = −[1 − ω(4 − 3g)]/4, γ₃ = (2 − 3gμ₀)/4, γ₄ = 1 − γ₃. Zuba lambobin da aka gyara, za ka sami 0.564, 0.377, 0.253 da 0.747. Tsaya ka dubi na ukun da na huɗun, domin amsar tambayar kawu tana cikinsu: a karon farko, kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke juyawa sama, uku suna ci gaba da sauka. Don sauƙi, ka sa hasken da ke faɗowa kan shimfiɗar sama ya zama 1, wato μ₀S = 1, S = 1.25.

Yanzu warwarewa. Nemo k = √(γ₁² − γ₂²) = 0.419, da Γ = (γ₁ − k)/γ₂ = 0.383. Amsar tana da wannan siffa:

F↑ = c₁ exp(kτ) + c₂ Γ exp(−kτ) + A exp(−τ/μ₀)
F↓ = c₁ Γ exp(kτ) + c₂ exp(−kτ) + B exp(−τ/μ₀)

A da B suna fitowa idan ka zuba kashin ƙarshe kaɗai cikin lissafin biyu ka daidaita: A = −0.088, B = −1.185. Kada alamar ragi ta firgita ka, ba su ne haske ba, guntayen amsa ne. c₁ da c₂ kuma daga sharuɗɗan iyaka suke zuwa. A can sama babu watsattsen haske da ke shigowa daga sararin samaniya, don haka F↓ sifili ne a τ = 0. A ƙasa, tunda baƙa muka ɗauke ta, F↑ sifili ne a τ = 0.5345. Lissafi biyu, abu biyu da ba a sani ba: c₁ = −0.280, c₂ = 1.292.

Sai girbi. F↑ a sama ya ba da 0.127, wannan ne ya koma samaniya. F↓ a ƙasa ya ba da 0.291. Ƙara masa exp(−0.5345/0.8) = 0.513, jimilla 0.804. Abin da ya rage, 0.069, shi ƙura ta shanye. Ke nan cikin ɗari, 13 sun koma, 7 sun zama zafi a cikin hazon, 80 sun iso ƙasa.

Kashi 80, ba 29 ba. Na daɗe ina yin wannan lissafi, amma har yau idan na kai wannan layi sai na ji daɗinsa.

Tarko biyu a nan. Na farko, 0.513 ɗin nan ba shi ne hasken kai tsaye na gaskiya ba, yana ɗauke da wanda muka cusa masa. Na gaskiya yana nan a 0.287, watsattse kuwa 0.804 − 0.287 = 0.517. Na ga ɗalibai da yawa sun kai rahoton 0.513 a matsayin abin da na'urar bin rana za ta gani, kuma kuskure ne babba. Na biyu, idan kμ₀ ya zo daidai da 1, lissafin A da B yana rabawa da sifili. Ba wani abu ne ya faru a sama ba, siffar amsar ce ta gaza. Ka ɗan gusa μ₀ da 0.001 ka wuce.

Mataki na huɗu: mayar da ƙasa wurinta

Yashi yana mayar da haske sama, hazo ya sake maido wani kaso ƙasa, yashi ya sake mayarwa, haka dai yana ƙanƙancewa. Rabon da hazo ke maidowa idan watsattsen haske ya buge shi daga ƙasa, r, ana samunsa daga lissafin nan biyu idan aka cire rana. A misalinmu kusan 0.15 ne. Jimillar wannan kai-komo ita ce T / (1 − a·r). Da a = 0.3, 0.804 ya zama kusan 0.84. Wannan ƙaramar dabara ta haɗa shimfiɗa biyu ita ce tushen wata hanya sukutum, wadda ake fara ta da siririyar shimfiɗa a riƙa ninka ta biyu-biyu har ta kai kaurin da ake so.

Mataki na biyar: bi ƙwayoyin haske ɗaya bayan ɗaya

Idan ɗalibi ya tambaye ni wace hanya zai fara rubutawa a kwamfuta, Monte Karlo nake ce masa, wato bin ƙwayoyin haske ɗaya-ɗaya ta hanyar jefa ƙuri'a, ba na ko jinkiri. Ba ta fi sauri ba, ita ce ma mafi nawa. Amma ba ta ƙunshe da wani zato ban da lambobin da ka ba ta, kuma wanda ya rubuta ta da hannunsa ya fahimci lissafin har cikin ƙashinsa. Layi arba'in na Python, harshen rubuta shirin kwamfuta, sun isa.

Ka saki ƙwayar haske a τ = 0, fuskarta μ = 0.8, nauyinta w = 1. A nan da lambobin asali za ka yi aiki, τ = 1, ω = 0.95, g = 0.7, ba waɗanda aka gyara ba. Ka ce wa kwamfuta ta jefa ƙuri'a, ta ba ka lamba ξ tsakanin 0 da 1. Nisan da ƙwayar za ta yi kafin karo shi ne s = −ln ξ. Sabon zurfinta τ + μs. Idan ya wuce 1, ta iso ƙasa, zuba w a asusun saukowa. In kuma wannan ne tsallenta na farko, zuba shi har a asusun kai tsaye. Idan ya gaza 0, ta fice sama, zuba w a asusun komawa. In tana ciki, karo ya auku: zuba w(1 − ω) a asusun shanyewa, ka mayar da w ya zama wω.

Sai sabuwar fuska. Jefa wata ƙuri'ar ka sami kusurwar karkata:

cos θ = [1 + g² − ((1 − g²)/(1 − g + 2gξ))²] / (2g)

Jefa ta uku don juyi, φ = 2πξ. Sabuwar μ ita ce μ cos θ + √(1 − μ²) · sin θ · cos φ. Koma kan jefa nisa. Kowane mataki da sabuwar ξ. Wanda ya maimaita lamba ɗaya a nisa da kusurwa zai sami amsa mai kama da gaskiya amma karkatacciya, kuma irin wannan kuskure ya fi wuyar kamawa. Ka lura kuma idan g sifili ne wannan tsari yana rabawa da sifili, sai ka yi amfani da cos θ = 2ξ − 1.

Idan w ya yi ƙanƙanta, misali ƙasa da 0.0001, kada ka yar da ƙwayar haka kawai, domin za ka zubar da haske kaɗan-kaɗan har ya taru. Jefa ƙuri'a: sau ɗaya cikin goma ta rayu a ninka nauyinta goma, sau tara ta mutu. A matsakaici ba a rasa kome ba. In kana son ƙasa mai mayar da haske, duk sa'ad da ƙwaya ta iso ka rubuta w, ka ninka shi da a, ka tura ta sama da μ = −√ξ.

Ƙwaya nawa? Kuskuren yana raguwa da saiwar yawansu. Da 10,000, amsar da ke kusa da 0.8 tana rawa da kimanin 0.004. Da miliyan ɗaya, 0.0004. Wato don ka ƙara lamba ɗaya ta tabbaci, sai ka ninka aiki sau ɗari. Ga tambayar faifan sola, dubu ɗari sun yi yawa ma, tunda rashin tabbacin τ ɗinka ya fi wannan girma nesa.

Asusun kai tsaye dole ya zo 0.287. Jimillar saukowa ta zo kusa da 0.8. Idan ta bambanta da ta magudana biyu da ɗigo ɗaya ko biyu cikin ɗari, ba laifi, kuma Monte Karlo za ka gaskata, domin ɗayar ce mai zato.

Gwada shirin kafin ka yarda da shi

Sa ω = 0: babu watsuwa, saukowa ta zama exp(−τ/μ₀) cif, komawa sifili. Sa ω = 1 da baƙar ƙasa: komawa da saukowa su haɗu su ba da 1, kuma magudana biyu suna ba da komawa kusan 0.145 a misalinmu. Sa τ ƙarami ƙwarai, kamar 0.01: kusan kowace ƙwaya karo ɗaya take yi ko babu, don haka in ka ninka τ biyu, komawa ma ta ninka biyu. Kullum kuma, muddin ƙasa baƙa ce, asusu uku, komawa da saukowa da shanyewa, su tashi 1. Shirin da bai ci waɗannan ba, kada ka kai lambarsa gaban kowa.

Idan hasken kowace kusurwa kake so

Magudana biyu jimilla kawai suke bayarwa. In tambayarka ita ce yaya hasken sama yake ta gabas ko kusa da rana, ko me tauraron ɗan'adam zai gani daga sama, ko nawa ke faɗawa kan faifan da aka jingina, sai ka ƙara magudanan. Wannan ita ce hanyar Chandrasekhar: a maye gurbin alamar tarawa da jimillar wasu zaɓaɓɓun kusurwoyi masu nauyi, bisa tsarin Gauss. Da huɗu, μ su ne ±0.340 da ±0.861, nauyinsu 0.652 da 0.348. Ana fasa P zuwa jerin Legendre, wato jimillar wasu sanannun siffofin lissafi kowace da ma'auninta, kuma kyawun siffar Henyey da Greenstein shi ne ma'aunan jerin nata g, g², g³ ne kawai, haka har gaba. Abin da ya fito tsarin lissafi ne irin na mataki na uku, sai dai k ɗin suna da yawa, kowanne da nasa c.

Shawarata, rubuta mai huɗu sau ɗaya don koyo, sannan ka koma ga DISORT, shirin da Stamnes, Tsay, Wiscombe da Jayaweera suka wallafa a 1988, wanda ke cikin kunshin libRadtran na kyauta. Dalili shi ne exp(kτ) yana kumbura har ya fi ƙarfin kwamfuta idan hazo ya yi kauri, su kuwa sun magance wannan tuntuni. Magudana 16 sun ishi yawancin aikin ƙura. A ɗaya gefen, idan τ ya kai gommai, kamar cikin gajimaren Agusta ko ƙwaryar nono ko naman jikin mutum, haske yana manta inda ya fito, sai lissafin ya koma irin na yaɗuwar zafi, mai sauƙi ƙwarai, muddin ba dab da baki kake aunawa ba.

Ka tuna duk abin da muka yi na launi ɗaya ne. Don watt na gaske, sai ka maimaita a zanguna da yawa, ka auna kowanne da rabonsa cikin watt 1361 da ke faɗa wa kowace murabba'in mita a saman iska, ka sa watsawar iska tsantsa, wadda τ ɗinta ya kusa 0.1 a kore, da shanyewar tururin ruwa da ozon. Sa'ar da muka yi, τ na ƙura ba ya canzawa sosai daga launi zuwa launi, iskar hunturu kuma busasshiya ce, don haka amsar launi ɗaya ba ta yi nisa da gaskiya ba.

Auna τ da abin da ke hannunka

Ga abin da muka yi a lambun. Na ɗauki ƙaramin faifan sola irin na cajin waya, na shimfiɗa shi a kwance kan turmi, na haɗa shi da mita ina karanta ampiya, domin ita ce ke bin yawan haske, ba bolt ba. Na rubuta adadin. Sannan ɗan kawu ya ɗaure murfin kwano a bakin gora ya ɗaga shi sama har inuwarsa ta rufe faifan daidai. Adadi na biyu shi ne watsattsen haske, bambancinsu kuma shi ne kai tsaye. Murfin ya zama ƙarami, goran kuma dogo. In ya yi kusa zai tare farin kewayen rana, ka ɗauka kai tsaye ne, τ ɗinka ya fito ƙasa da gaskiya. Kuma kada kowa ya kalli ranar da ido don saita inuwa, ko da hazo ya sa ta yi kamar ba ta da zafi. Inuwar ƙasa za a duba.

Da rabon watsattse kan jimilla kaɗai kana iya juya lissafin: gwada τ daban-daban a shirinka har rabon ya dace da abin da ka auna. A τ = 1 da baƙar ƙasa, 0.517 kan 0.804 ne, kusan kashi 64. In kana son hanya mafi ƙarfi, jira safiya mai tsabta bayan ruwan ƙarshen damina, ka auna hasken kai tsaye kowane minti ashirin daga hantsi zuwa tsakar rana, ka raba kowanne da μ₀, ka zana logaritim ɗinsa a kan 1/μ₀. Layi miƙaƙƙe zai fito, gangarensa −τ ne, inda ya yanki sifili kuma shi ne abin da faifanka zai karanta a saman iska. Da wannan adadi a aljihu, kowace rana awo ɗaya ya ishe ka.

A ranar, da murfin ya rufe faifan, allurar ba ta faɗi ko rabi ba. Kawu ya duba ya ce, "To ina ruwana ya tafi?" Na sa yatsa na ja layi a kan ɗaya daga manyan faifansa, yatsan ya fito ja wur, layin kuma baƙi mai sheƙi a tsakiyar ƙura. Tun farkon sanyi ba a wanke su ba. Wannan shimfiɗar ma hazo ce mai nata τ da ω da g, sai dai ita a manne take da gilashi, kuma ita ce kaɗai muke da iko a kanta. Muka ɗebo ruwa a bokiti da tsumma mai laushi, muka bari sai da yamma da gilashin ya huce muka wanke, don ruwan sanyi kan gilashi mai zafi yana iya tsaga shi. Na ce masa ya riƙa yin haka duk bayan kwana uku ko huɗu har hazo ya ɗauke, ya kuma bar faifan a jinginarsu ta fuskar kudu, tunda a irin wannan rana fiye da rabin hasken daga dukkan sama yake zuwa, juya su bin rana ba zai ƙara abin kirki ba. Washegari da hantsi ɗansa ya turo mini hoton bakin tiyo a cikin kwamin albasa.